Ofishin da ya riƙe min takardun zama a Kanada: abin da na biya da abin da na samu

Ni mai walda ne. Na sauka Kanada a watan Janairun 2022 da takardar izinin aiki ta wucin gadi, wadda aka buga sunan kamfani ɗaya a jikinta, wata masana'antar ƙarafa a Hamilton cikin lardin Ontario. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan takarda ba da wuya ya san nauyinta. Ba ka da ikon yi wa kowa aiki sai wannan kamfanin. In shugabanka ya ɓata maka rai haɗiyewa kake yi, domin zamanka a ƙasar a hannunsa yake. Ranar da za ta mutu kuma tana nan a rubuce, kullum sai ta faɗo maka a rai. Tawa, bayan an sabunta ta sau ɗaya, a Nuwamban 2024 za ta ƙare. Matata da yaranmu biyu suna gida suna jira.

Mutane da yawa sun tambaye ni wane ne ya taimake ni na koma mai izinin zama na dindindin, wanda kowa a nan ke ce wa PR, kuma ko kuɗin da na biya ya biya ni. Shi ne na ce bari in rubuta gaba ɗaya. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, tunda akwai wuraren da zan faɗi laifinsu. Ƙaramin ofishi ne, mace ɗaya mai lasisi da mataimaka biyu.

Kafin in same ta sai da na kusa faɗawa rami. Wani ya haɗa ni da wani mutum ta WhatsApp, aka ce ya san kan abin. Maganarmu ta farko ya ce in ba shi dala dubu takwas, shi zai samo min wasiƙar da ke nuna ni mai kula da ma'aikata ne, ba mai riƙe kan walda ba, kuma ya ba ni tabbacin PR cikin wata shida. Na tambaye shi lambar lasisinsa, ya ce ba a buƙata, ai da sunana za a cike komai kamar ni na yi da kaina. Nan jikina ya yi sanyi. A dokar Kanada, wanda zai karɓi kuɗinka don ya wakilce ka a harkar shige da fice dole ya zama lauya ko paralegal (ma'aikacin shari'a mai lasisi) mai rajista a lardinsa, ko notare na Quebec, ko mai ba da shawara da ke ƙarƙashin hukumar da ake kira College of Immigration and Citizenship Consultants, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2021. Hukumar tana da rajista a intanet, kowa zai iya shiga ya duba suna. Na duba, babu shi. Na duba sunan matar nan da wani abokin aikina ɗan Filifin ya ba ni, ga ta nan, lambarta ta fara da harafin R, lasisinta yana aiki.

Zaman farko a Fabrairun 2024 aka yi, dala 150 na awa ɗaya. Wannan awar ita ce mafi amfani a duk abin da na biya. Ba ta yi min alkawarin komai ba. Ta ɗauko takarda da biro ta fara lissafa makina a tsarin Express Entry, wanda hukumar shige da fice ta IRCC ta kawo tun Janairun 2015. Tsarin jeranta mutane yake yi da maki, mafi yawa 1,200, sai lokaci zuwa lokaci a ja layi a ɗebi waɗanda ke sama. Shekaruna 33 a lokacin, ina da difloma ta shekara biyu, aikin shekara biyu a Kanada, shekaru da dama na walda kafin in zo, sai jarrabawar Turanci ta IELTS da na samu 6.0 a kowane ɓangare, wato mataki na 7 a ma'aunin harshe na Kanada. Da ta haɗa, har da maki 50 na tayin aiki mai takardar LMIA (izinin da gwamnati ke ba kamfani ya ɗauki ma'aikaci daga waje), sai ya tashi 419. Ta juyo min da takardar ta ce, "Da wannan ba za a kira ka a ɗiban gama-gari ba, ana yanke shi sama da 500. Amma sana'arka tana cikin rukunin masu aikin hannu, can layin ya fi sauka. Can za mu nufa, kuma ko can ɗin sai ka ƙara maki."

Ban san da wannan rukunin ba sam. Tun a 2023 IRCC ta fara ware wasu sana'o'i tana ɗibansu daban: ma'aikatan lafiya, masu kimiyya da fasaha, masu sufuri, masu aikin gona, masu jin Faransanci, da mu masu aikin hannu. Lambar walda a jerin sana'o'in ƙasar ita ce 72106, kuma ta nuna min cewa lamba ta biyu a ciki, wato 2, ita ce matakin sana'ar. Daga 0 zuwa 3 ne ake karɓa a shirin waɗanda suka yi aiki a cikin Kanada. A nan na gane cewa mutumin WhatsApp ɗin so ya yi ya fitar da ni daga gaskiyar da ita ce za ta amfane ni, ya sa ni cikin ƙaryar da in an kama ta hukuncinta hana mutum shiga ƙasar ne na shekara biyar.

Ta kuma gyara min wani kuskuren lissafi. Ina yin awa hamsin a mako, wani lokacin fiye, na ɗauka hakan yana sa shekaruna su yi saurin cika. Ta ce a'a. Shekara ɗaya awa 1,560 ce, kuma abin da ya wuce awa 30 a mako ba ya shiga lissafi. Komai yawan obataya ɗinka sai ka cika wata goma sha biyu.

Kuɗin aikinta dala 3,500 ne, kashi uku, ban da harajin Ontario na kashi 13 cikin ɗari. Ta ba ni yarjejeniya a rubuce, shafi shida, ta ce in tafi da ita gida in karanta kafin in sa hannu. Na kuma sa hannu a fom mai lamba IMM 5476, wanda ke shaida wa IRCC cewa ita ce wakiliyata. Kuɗin gwamnati daban yake: lokacin da muka tura a 2024, ni da matata dala 1,525 kowannenmu, wato 950 na duba takardu da 575 na haƙƙin zama, yara dala 260 kowanne, sai 170 na ɗaukar hoton yatsu na iyali. Ban da jarrabawa, da likita, da tantance difloma a WES, cibiyar da ke auna takardun karatun ƙasashen waje. Duk ta jera min su tun ranar farko, in ban da abu ɗaya da zan zo kansa.

Shawararta ta farko ita ce in sake jarrabawar Turanci. Ban so ba, domin na gaji da karatu bayan wuni a tsaye gaban wuta. Ta nuna min a lissafi cewa tashi daga mataki na 7 zuwa na 8 maki shida ne a kowane ɓangare, huɗu sun zama 24. Ta ce in gwada CELPIP, wadda ake yi gaba ɗaya a kwamfuta zama ɗaya, da irin Turancin da nake ji kullum a wurin aiki. Na yi mako shida ina tashi kafin asuba ina atisaye. A Maris na samu 8 a duka huɗun, makina ya koma 443. Ta ce matata ma ta zauna IELTS a gida, ko maki kaɗan ne a ƙara. Baiwar Allah ta zauna, da goyo da hidimar gida, ta samo mana maki huɗu. Muka kai 447. A watan Mayu na cika 34, biyar suka zube, domin daga shekara 30 kowace ranar haihuwa rage maka take yi. Muka tsaya a 442.

Inda na fi ganin aikinta shi ne wasiƙar wurin aiki. Ofishin ma'aikata na kamfaninmu sun ba ni wasiƙa mai layi uku: wane ma'aikacinmu ne tun wata kaza. Ta mayar da ita. Ta ce jami'in da zai duba ba sunan muƙami yake nema ba, so yake ya ga abin da hannunka ke yi kullum, ya gwada da bayanin sana'ar. Dole a rubuta ranar farawa, awannin mako, albashi, da ayyukan ɗaya bayan ɗaya, a kan takardar kamfani mai adireshi da sa hannu. Karo na biyu sai suka kwafo bayanin gwamnati kalma da kalma suka liƙa. Ta sake mayarwa, ta ce wannan ma yana jawo shakku. Ta zaunar da ni ta ce in ba ta labarin wunina daga shiga har fita. Na faɗa mata yadda nake karanta zanen aiki, in zaɓi waya da gas gwargwadon kaurin ƙarfe, in saita inji, in yi waldar kwance da ta tsaye da ta sama da kai, in goge, in duba ko akwai tsagewa. Ta tsara shi, shugabana ya karanta ya ce haka ne, ya sa hannu. Ta haɗa da takardun albashi, da T4 (takardar albashi da haraji da kamfani ke bayarwa) na kowace shekara, da takardar hukumar haraji. Mako uku wasiƙar nan ta ci, kuma na tabbata da ni kaɗai ne da mai layi ukun zan tura.

Akwai kuma maganar ɗana na fari. Na haife shi a aurena na farko, yana hannun mahaifiyarsa, kuma ba zai biyo mu yanzu ba. Wani ɗan uwa a nan ya ce min, "Malam, kada ka sa shi, za ka ja wa kanka tambayoyi. In ka zauna ka ɗauko shi daga baya." Na faɗa mata haka. Ta ajiye biro ta dube ni ta ce duk ɗan da ban ambata ba, kuma likita bai duba shi ba, dokar na iya hana ni ɗauko shi daga baya, ni kuma a tuhume ni da ɓoye gaskiya. Ta ce ko ba zai zo ba sai an rubuta shi, sai an kai shi wurin likitan da IRCC ta amince da shi. Sai da na nemi wani babban yayana ya je ya yi wa mahaifiyarsa bayani kafin ta yarda a kai shi. Abin ya yi min nauyi a lokacin. Yau yaron yana cikin takarduna, ƙofarsa a buɗe take. Ko wannan kaɗai ta yi min, ban yi asarar kuɗina ba.

Ta kuma hango matsalar takardar 'yan sanda tun da wuri. Ana buƙatar ta daga kowace ƙasa da mutum ya zauna wata shida a jere cikin shekara goma da suka wuce, ni kuma na yi shekara biyu a wata ƙasar Larabawa kafin in zo. Ta ce in fara nema tun Fabrairu, domin in an kira mutum kwana 60 kacal ake ba shi ya haɗa komai. Takardar ta ɗauki kusan wata huɗu kafin ta iso. Sunana kuma an rubuta shi iri uku a fasfo da difloma da takardar aure, ta rubuta wasiƙar bayani ta haɗa da takardar rantsuwa.

Ranar 4 ga Yulin 2024 aka ɗebi masu aikin hannu, aka yanke a 436. Ina wurin aiki ta kira ni lokacin hutun rana. Na fita bayan shagon na zauna a kan wani ƙarfe, na daɗe ban iya kiran gida ba.

Yanzu ga laifinsu, kuma ba ƙarami ba ne.

Bayan gayyata, mai cike fom ɗin ba ita ba ce, wani matashin mataimakinta ne. Akwai wurin da ake rubuta tarihin shekara goma, inda ka zauna da abin da ka yi, ba a barin ko wata ɗaya a sake. Daren da za a tura suka aiko min in duba in sa hannu. Na zauna da fasfo na tsoho da takarduna ina bi layi layi, sai na ga an rubuta na fara aiki a ƙasar Larabawan a 2014 maimakon 2016, abin da ya sa ya hau kan shekarun wani aikin da na riga na ambata. An kuma musanya ranar haihuwar yarana biyu. Da na amince da su na sa hannu kawai, da takarduna sun tafi suna ƙaryata juna, kuma IRCC ba ruwanta da wanda ya danna madannin, mai sunan ake kamawa. Da safe na kira ta. Ta ba ni haƙuri ba tare da kewaye-kewaye ba, ta zauna da kanta ta sake bin komai, muka tura bayan kwana biyu, saura kwana shida wa'adin ya cika. Na yaba da yadda ta karɓi laifin. Amma mutumin da ya biya dala 3,500 bai kamata a ce shi ne mai gano irin wannan da ƙarfe ɗayan dare ba.

Na biyu shi ne jinkirin amsa. Kafin in biya kashi na ƙarshe, in na aika saƙo a ranar ake amsa min. Bayan an tura takardu sai ya koma kwana huɗu, kwana biyar. Matsalar ita ce, in kana da wakili duk wasiƙar IRCC asusunsa take shiga, kai ba ka gani. An aiko da umarnin zuwa ganin likita mai wa'adin kwana 30, ya kwana tara a wurinsu kafin su turo min. Ni a Hamilton samun likita bai yi wuya ba. Iyalina kuwa sai sun yi tafiya zuwa wani gari, sai sun nemi rana, ga ɗana na fari da ke wani wurin daban. Da ƙyar muka cika a kan lokaci. Tun daga ranar na riƙa kiran ofishin duk Litinin da Alhamis, suka saba da muryata.

Na uku kuɗi ne. Tunda takardar aikina za ta mutu a Nuwamba kafin a yanke hukunci, sai an nemi wata takardar aiki ta cike giɓi, wadda ake ba wanda ya riga ya tura neman PR aka shaida an karɓa. Gwamnati dala 255 take karɓa, 155 da 100. Ofishin suka ce nasu 500. Na koma yarjejeniyar, lallai an rubuta cewa takardun wucin gadi ba sa ciki, a shafi na biyar. Ba su cuce ni ba a dokance. Sai dai ta san ranar ƙarewar takardata tun zaman farko, ta san dole a zo nan, ya kamata ta sa shi cikin lissafin da ta jera min.

Duk da haka, a kan wannan takardar ta sake yi min rana. Nuwamba ta zo, tsohuwar ta mutu, sabuwar ba ta fito ba. Ofishin ma'aikata suka kira ni suka ce daga Litinin in zauna a gida. A ranar ta rubuta musu wasiƙa, ta bayyana cewa wanda ya nemi sabuntawa kafin takardarsa ta ƙare doka ta ba shi damar ci gaba da aiki a kan sharuɗɗansa na da har a yanke hukunci, ta haɗa da shaidar ranar da muka tura. Litinin na koma bakin aikina, ban rasa ko wuni ɗaya ba. Ni kuma ta gargaɗe ni cewa kada in fita ƙasar a wannan tsakanin, domin in na fita damar aikin ta tafi har sai sabuwar ta fito. Na so in je gida hutun ƙarshen shekara, na haƙura.

A Janairun 2025 saƙo ya zo in tabbatar ina cikin ƙasar, in tura hoto da adireshi. A Fabrairu takardar tabbatar da zama ta fito, katin ya biyo baya ta gidan waya. Na je ofishin gwamnati na Service Canada na canja lambar SIN ɗina, wato lambar aiki da haraji, mai farawa da 9, wadda ake ba 'yan wucin gadi. Aka nemi fasfon iyalina aka buga musu biza. Ta tuna min cewa sakamakon likita wata goma sha biyu yake yi, dole su shigo kafin ya mutu. A watan Yuni na tsaya a filin jirgin Pearson na Toronto, ƙaramar 'yata da na bari tana rarrafe ta fito da ƙafarta, ta ɓuya bayan uwarta tana leƙo ni.

Zaman ƙarshe bai fi minti ashirin ba, kuma ba ta caje ni ba. Ta ce katin shekara biyar yake yi, kuma sai na zauna kwana 730 a cikin kowace shekara biyar kafin in riƙe matsayin. Neman zama ɗan ƙasa kwana 1,095 ne cikin shekara biyar, kuma kwanakin da na yi da takardar aiki ana lissafa kowanne rabi, har zuwa 365. Ta ce in sayi ƙaramin littafi in riƙa rubuta duk ranar fita da ranar dawowa.

Ga mai tambaya ko ya ɗauki irin wannan ofishi, amsata ta danganta da takardunsa. Babu dokar da ta tilasta ɗaukar wakili, kuma IRCC da kanta ta ce hakan ba ya sa a duba naka da sauri. Wanda ba shi da iyali, ƙasa ɗaya ya taɓa zama, sunansa iri ɗaya ne a ko'ina, Turancinsa ya zauna, zai iya biyan kuɗin zaman awa ɗaya a lissafa masa, sauran ya yi da kansa. Ni mai ɗa a hannun wata, da ƙasashe uku, da takardar da ke gab da mutuwa, da na sake ɗaukar ta. Kuma kada kowa ya ɗauki makina ya gwada da nasa: tun 25 ga Maris 2025 aka cire makin tayin aiki daga lissafin, wanda ke nufin da yau ne 392 zan tashi da shi, jerin sana'o'in da ake warewa ma ana sake shi.

Makon jiya wani abokin aikina, mai walda kamar ni, wanda takardarsa za ta ƙare baɗi, ya nemi lambarta. Na ba shi. Na ce ya fara duba lasisinta da idonsa ko da ni na turo shi, ya sa a rubuta kuɗin takardar cike giɓi cikin yarjejeniya, ya nemi a rubuta cewa duk wasiƙar IRCC za a turo masa cikin kwana biyu, kuma ranar da suka aiko da fom ya zo gidana da fasfonsa mu bi shi tare. Ya ce Asabar mai zuwa zai je zaman farko.